Yadda Labaran Ban Tsoro Suka Samu Gurbi a Laburare

A watan Disamba na 1817, wata biyar bayan rasuwar Jane Austen, aka fito da littafinta mai suna Northanger Abbey a Landan. A wani wuri cikin labarin, wata budurwa ta zaro ɗan littafin aljihunta ta jero wa ƙawarta sunayen littattafan ban tsoro guda bakwai da take so su karanta tare, irin su The Castle of Wolfenbach da The Midnight Bell da Horrid Mysteries. Da zamani ya yi nisa, masu karatu da yawa suka ɗauka Austen ce ta ƙaga sunayen don ta zolayi 'yan matan lokacinta, domin da wuya a sami wanda ya taɓa ɗora ido a kan ko guda ɗaya.

Ashe duk bakwai ɗin an buga su, an kuma yi rububinsu. Sai a shekarun 1920 wasu mutum biyu, Michael Sadleir da Montague Summers, suka bi sawunsu har suka tabbatar da haka, Sadleir ya wallafa bincikensa a 1927. Shida daga ciki ma maɗaba'a guda ce ta fitar da su. An karanta su ne har suka yi laushi suka yayyage a hannun 'yan haya, manyan ɗakunan karatu kuwa ba su ga darajar ajiye su ba. Kusan duk tarihin adabin ban tsoro a Ingila da Amurka haka ya tafi: masu karatu su yi ta wawaso, masu kula da taskokin littattafai su kau da kai, sai an kusa rasa abin a dawo ana cigiya. Kafin a zo yau da ma'aikacin laburare ke miƙa wa yaro labarin fatalwa da hannunsa, sai da aka share shekara sama da 200.

Masana suna ɗora mafarin wannan adabi a kan The Castle of Otranto, wanda Horace Walpole ya fitar a ƙarshen Disamba na 1764. Walpole ɗan gidan sarauta ne na siyasa, mahaifinsa ne firaministan Birtaniya na farko, don haka bai yarda ya sa sunansa a kan labarin da ƙatuwar hular yaƙi ke faɗowa ta murƙushe ango ranar ɗaurin aurensa ba. Sai ya ce fassara ce daga wani tsohon littafin Italiyanci da aka tsinto a ɗakin karatun wani gida a arewacin Ingila. Da littafin ya karɓu, ya fito fili a bugu na biyu ya amsa cewa nasa ne.

Bayan shekara talatin kasuwar ta buɗe sosai. A 1794 aka biya Ann Radcliffe fam 500 a kan The Mysteries of Udolpho, kuɗin da marubutan zamanin ba su saba jin irinsa ba. A 1796 Matthew Lewis, saurayi ɗan shekara ashirin, ya fitar da The Monk, wanda ya cika da kisa da tsafi da lalata har ya tada ƙura, aka tilasta masa tace shi a bugu na huɗu. Sai dai littafi a lokacin kayan masu hali ne. Labari guda yakan zo cikin juzu'i uku ko huɗu, kuɗinsa kuwa ya fi ƙarfin 'yar aiki ko yaron tela.

Nan ne William Lane ya shigo. Ɗan mai sayar da kaji ne a Landan, ya bar sana'ar gado ya koma ta littattafai, ya buɗe shagon haya a titin Leadenhall, sannan daga 1790 ya raɗa wa maɗaba'arsa suna Minerva Press. Dabararsa ita ce ya haɗa bugawa da ba da haya a hannu ɗaya. Yakan nemi masu shaguna a ƙananan garuruwa da wuraren shaƙatawa na bakin teku, ya sayar musu da tarin littattafai, ya nuna musu yadda za su buɗe kusurwar haya a gefen kayan da suke sayarwa. Mai karatu ya biya kuɗin shekara ko na wata uku, ya ɗauki juzu'i ɗaya, ya dawo da shi ya karɓi na gaba. Duk wanda ya san shagunan hayar littattafan Hausa na Kano a shekarun 1990, inda kashi na ɗaya ke yawo gida-gida ana dakon na biyu, ya san wannan kasuwa. Yawancin marubutan Lane mata ne, irin su Eliza Parsons da Regina Maria Roche, kuma da yawa daga alƙalaminsu suke ci da iyali.

Malaman coci da masu sharhi a jaridu suka yi ca a kan shagunan, suna cewa suna hure wa 'yan mata kunne, suna hana barori aiki. Sunan Minerva ya zama abin gori. Da yayin ya wuce, littattafan suka tafi kwandon shara.

Waɗanda suka tsira, masu son abin ne suka tserar da su. A gidan sarauta na Corvey a Jamus, wani basarake mai suna Victor Amadeus da matarsa sun yi ta sayen sababbin labaran Ingilishi ba tare da tsinta da zaɓe ba, suka bar ɗakin karatu mai littattafai sama da 70,000. Masu bincike sun waiwayo shi a ƙarshen ƙarni na 20, suka tarar da labaran da aka daɗe da cire rai da su. Tarin da Sadleir ya haɗa kuwa wani mai suna Robert Black ne ya saya, ya ba wa Jami'ar Virginia a 1942, kuma har yau can masu nazarin wannan fanni ke zuwa. Wata ƙaramar maɗaba'a a Amurka, Valancourt Books, da aka kafa a 2005, ta sake buga littattafan nan bakwai, kowa na iya saya.

Zuwan laburaren gwamnati bai kawo sauƙi nan take ba. Dokar 1850 ta ba garuruwan Ingila izinin karɓar haraji kaɗan don buɗe ɗakunan karatu na kyauta, Manchester ta buɗe nata a 1852. Waɗanda suka kafa su gyaran tarbiyyar ma'aikata suka sa a gaba, suna so leburan masaƙa ya karanta tarihi da kimiyya maimakon zaman mashaya. Ƙagaggen labari kowane iri ne da zargi ake kallonsa. A Germantown ta Amurka har akwai laburaren da shugabansa, William Kite, ya hana shigar da ƙagaggun labarai baki ɗaya. A waje kuwa yara suna ta sayen ƙasidun kwabo-kwabo masu shafi takwas da ke fitowa duk mako, irin su Varney the Vampire na 1845 zuwa 1847, mai babi sama da 200, da labarin wanzamin nan Sweeney Todd mai yanka masu zuwa aski. Takardarsu mai arha ce, ba ta jure hannu. Babban tarin da Laburaren Birtaniya ke alfahari da shi a yau wasiyyar wani ɗan wasan dandamali ne, Barry Ono, wanda ya ƙare rayuwarsa yana tsintar su.

Duk da wannan ƙyama, a cikin laburare aka yi naƙudar shahararren labarin ban tsoro na duniya. A watan Agusta na 1890 Bram Stoker, ɗan ƙasar Ailan mai kula da wani gidan wasan kwaikwayo a Landan, yana hutu a garin Whitby na bakin teku. Ya shiga ɗakin karatun garin ya ari wani littafi na 1820 da William Wilkinson, tsohon ƙaramin jakadan Birtaniya a Bukares, ya rubuta a kan ƙasashen Wallachia da Moldavia. A ciki ya ci karo da sunan Dracula. Ya kwafe bayanin har da lambar kantar da littafin yake, ya soke sunan da ya fara ba mugun labarinsa, ya sa wannan. Littafin nasa, Dracula, ya fito a 1897.

A 2018 wani ma'aikacin London Library, inda Stoker ya yi shekara bakwai yana mamba, ya ɗauki bayanan da marubucin ya bari ya shiga tsakanin kantoci yana gwadawa. Ya sami littattafai 26 da ke ɗauke da alamun fensir: nan an ja layi a ƙarƙashin jimla, can an yi ɗan gicciye a gefen shafi, wani wurin an naɗe kusurwar takarda, kuma wuraren sun dace da abin da Stoker ya kwafa. Ɗaya daga cikin waɗanda suka fi shan fensir shi ne littafin Sabine Baring-Gould a kan mutanen da ke rikiɗa su zama kyarkeci. Shekara sama da 120 littattafan suna nan a kanta, mambobi na ara suna mayarwa.

A Amurka mujallu masu arha ne suka riƙe fannin. Weird Tales ta fara fitowa a 1923, a cikinta H. P. Lovecraft ya buga yawancin labaransa. Ya mutu a 1937 cikin talauci, ayyukansa a warwatse cikin mujallun da takardarsu ke rududdugewa. Abokansa biyu, August Derleth da Donald Wandrei, suka kafa maɗaba'ar Arkham House a 1939 don kawai su tattara su cikin littafi mai kwalin bango, suka buga kwafi 1,268. Wani matashin abokinsa kuma, Robert Barlow, ya kai rubuce-rubucensa na hannu laburaren John Hay na Jami'ar Brown.

Shekarar 1954 ce mafi tsanani. Da yammacin wata rana a watan Satumba aka kira ɗan sanda zuwa maƙabartar Southern Necropolis a unguwar Gorbals ta Glasgow. Ya tarar da ɗaruruwan yara, wasu ko makaranta ba su isa shiga ba, riƙe da wuƙaƙe da sandunan da aka fiƙe, suna bin kaburbura ɗaya bayan ɗaya. A bayan katangar akwai masana'antar narka ƙarfe da wutarta ke jajanta sararin sama, hayaƙi na gilmawa tsakanin duwatsun kabari. Yaran suka ce wani dogon dodo mai haƙoran ƙarfe suke nema, wai ya cinye yara biyu. Babu yaron da ya ɓata a unguwar. Amma manya suka ɗora laifin a kan mujallun zane na ban tsoro da ake shigowa da su daga Amurka, maganar ta kai majalisa, a 1955 aka yi dokar hana sayar wa yara irinsu.

A Amurkar ma wuta ake ci. A wannan shekara ta 1954 wani likitan ƙwaƙwalwa, Fredric Wertham, ya fitar da Seduction of the Innocent, inda ya danganta kangarar yara da karanta mujallun zane. Wani kwamitin Majalisar Dattawa ya zauna a New York ya saurari shaidu, ciki har da William Gaines, mai kamfanin da ke buga Tales from the Crypt. Don gudun doka, kamfanonin suka kafa wa kansu ƙa'idar tacewa da ta haramta masu shan jini da gawawwaki masu tafiya, ta kuma hana sa kalmar tsoro a sunan mujalla. Gaines ya rufe mujallunsa na ban tsoro.

Wadda ta warware wannan ƙulli malamar koyar da aikin laburare ce. Da aka buɗe takardun Wertham ga masu bincike a Laburaren Majalisar Dokokin Amurka a 2010, Carol Tilley ta Jami'ar Illinois ta zauna ta gwada bayanan asibitinsa da abin da ya buga. A 2012 ta nuna cewa ya sauya shekarun wasu yaran, ya haɗe maganar yara daban-daban ya mai da ta mutum ɗaya, ya kuma ɓoye matsalolin gida da suka fi bayyana halin da suke ciki.

Kafin nan kasuwa ta riga ta yi nata hukuncin. Rosemary's Baby na Ira Levin a 1967, da The Exorcist na William Peter Blatty a 1971, da Carrie na Stephen King a 1974 sun sayu ta yadda babu laburaren da zai ce bai san da su ba, tunda masu zuwa aro suna tambaya. Marubutan fannin suka haɗa kai suka kafa ƙungiyar da ake kira Horror Writers Association a yau, suka fara ba da lambar yabo ta Bram Stoker a 1988, wadda siffarta ɗan ƙaramin gidan fatalwa ne mai ƙofa da ake buɗewa a ga sunan wanda ya ci.

Rigimar sai ta koma sashen yara. A 1981 Alvin Schwartz, tsohon ɗan jarida mai tattara labaran baka, ya fitar da Scary Stories to Tell in the Dark, ya bi shi da wasu biyu a 1984 da 1991. Labaran gajeru ne, an tsara su don a faɗa da baki cikin duhu, a ƙarshen kowane littafi kuma ya jera inda ya samo su. Zanen Stephen Gammell, baƙi da fari, na fuskokin da suke kamar suna narkewa, shi ya fi ɗaga hankalin iyaye. A jerin da Ƙungiyar Laburarorin Amurka ta fitar na littattafan da aka fi neman a cire daga kanta tsakanin 1990 da 1999, waɗannan ne na ɗaya. Goosebumps na R. L. Stine, da ya fara a 1992 ya kai littafi 62 a zubin farko, yana cikin ashirin na sama. A wannan karon ma'aikatan laburare ne suka tsaya kare littattafan a gaban hukumomin makarantu. Hujjarsu daga teburin aro ta fito: yaron da ba ya ko kallon littafi sun ga ya ɗauki Goosebumps, ya dawo bayan kwana biyu yana neman na gaba. Suka ce uba yana da ikon hana ɗansa, amma ba shi da ikon hana 'ya'yan wasu.

Karewa daban, tallatawa daban. Yawancin laburarori suna jera ƙagaggun labarai ne bisa harafin sunan marubuci, don haka labaran ban tsoro a warwatse suke, mai nema sai ya san wanda yake so. Ma'aikata da yawa kuma ba sa karanta su, ba su san abin da za su miƙa ba idan an wuce Stephen King. Maganin ya fito daga wata hanyar aiki da Joyce Saricks ta laburaren Downers Grove a Illinois ta bayyana cikin littafinta na 1989: a daina tambayar mai karatu maudu'in da yake so, a tambaye shi abin da ya ji daɗinsa a littafin da ya karanta na ƙarshe, saurin labarin ne, mutanen ciki ne, ko yanayinsa. Becky Spratford, wadda ta yi aiki a laburaren Berwyn kusa da Chicago, ta ɗora wannan a kan adabin ban tsoro. Jagorarta ta fara fitowa a 2004, aka sabunta ta a 2012 da 2021. Tana koya wa ma'aikata su bambance mai son fargaba da ke tsirgawa a hankali cikin tsohon gida da mai son jini na malala, domin a miƙa wa na farko littafin na biyu shi ne a kore shi daga fannin gaba ɗaya.

Daga wannan aiki aka haifi shirin Summer Scares a 2019, wanda ƙungiyar marubutan ta kafa tare da United for Libraries da wasu masu sharhin littattafai. Tsarinsa mai sauƙi ne. Kwamitin ma'aikatan laburare da marubuci guda, wanda ke zama jakadan shirin na shekarar, ya zaɓi littattafai tara, uku na manya, uku na matasa, uku na yara, a sanar da su ranar 14 ga Fabrairu don a sami lokacin shiri kafin hutun bazara. Ana fifita littattafan da suka ɗan kwana biyu da fitowa, waɗanda mai yiwuwa suna nan a kanta, don ƙaramin laburaren ƙauye ma ya iya shiga. Laburaren Springfield-Greene a Missouri yana shirya jagorar da ke ba da tambayoyin tattaunawa ga ƙungiyoyin karatu, da shawarar abin da za a karanta bayan kowane littafi, da dabarun taruka. Marubutan da aka zaɓa sukan gana da masu karatu ido da ido ko ta intanet. Manufar ita ce a fitar da labaran daga kurkukun watan Oktoba, lokacin bikin Halloween, da aka saba fito da su a jera mako huɗu a mayar.

Zaɓin jakadun shirin ya nuna yadda fannin ya faɗaɗa. Bayan Grady Hendrix na shekarar farko, sai Stephen Graham Jones, ɗan ƙabilar Blackfeet ta 'yan asalin Amurka, sannan Silvia Moreno-Garcia haifaffiyar Meziko. Cikin zaɓin 2019 akwai My Soul to Keep na Tananarive Due, baƙar fatar Amurka, wanda asirin labarinsa ke komawa garin Lalibela na Habasha.

Manyan taskoki ma sun sauya. A 2014 Laburaren Birtaniya ya shirya babban nuni mai suna Terror and Wonder don cika shekara 250 da littafin Walpole, ya baje abubuwa kusan 200, daga baya ya shiga sake buga tsofaffin labaran fatalwa da ke cikin rumbunsa. A 2018 aka karanta Frankenstein na Mary Shelley daga farko har ƙarshe a bainar jama'a a Laburaren Majalisar Dokokin Amurka, don cikarsa shekara 200. A 2019 Jami'ar Pittsburgh ta karɓi takardun George Romero, mai fim ɗin Night of the Living Dead, ta gina sashen nazarin adabin ban tsoro a kansu.

Takaddamar dai ba ta mutu ba. Rahoton ƙungiyar PEN America na shekarar karatu ta 2024 zuwa 2025 ya nuna Stephen King ne marubucin da aka fi cire littattafansa daga makarantun Amurka, kuma yawancin cirewar a jihohin Florida da Texas da Tennessee aka yi ta. Damuwar iyaye a kan abin da ya dace da shekarun yaro gaskiya ce, kuma amsarta tana hannun ma'aikacin da ya san yaron ya san littafin, wanda zai iya cewa wannan ya yi maka nauyi tukuna, ga wanda zai fi dacewa. Irin wannan ma'aikacin shirin Summer Scares ke ƙoƙarin horarwa, shi ya sa kashi ɗaya cikin uku na zaɓinsa a kowace shekara na yara ne 'yan shekara takwas zuwa goma sha biyu.